Idan Na'ura Ta Kasa Karanta Layin Hausa, Alhakin Wa Ne?

Gabatarwa

Nazarin Hausa ya jingina da kwamfuta a 'yan shekarun nan fiye da yadda aka taɓa gani. Ɗalibin da ke ƙirga sau nawa wata kalma ta fito a littattafan adabin kasuwar Kano, da malamin da ke tattara karin magana domin ƙamus, da masu gina manhajar fassara, dukkansu aikinsu yana somawa da mataki guda: manhaja ta buɗe fayil, ta karanta abin da ke ciki layi bayan layi. Mataki ne da ake koyarwa tun a makonnin farko na darasin rubuta manhaja, saboda haka ba kasafai ake tsayawa a dube shi ba. Sai dai a daidai wannan gaɓa ce matanin Hausa yake yawan samun rauni, kuma raunin yakan bi shi har cikin sakamakon bincike ba tare da kowa ya lura ba.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa mafi yawan waɗannan matsaloli tushensu yana cikin ƙa'idojin rubutu, ko da yake a fuskar kwamfuta suke bayyana. Mai rubuta manhaja zai iya gyara kuskuren da ya sa aikinsa ya tsaya cak. Amma ba shi da hurumin yanke hukunci a kan wace alama ce alhamza, ko kuwa 'y da ƴ abu ɗaya ne. Wannan hurumin masana harshe ne, kuma muddin suka bar shi, na'ura za ta ci gaba da yanke hukuncin a madadinsu bisa ƙa'idojin da aka gina domin Ingilishi.

Yadda na'ura take ganin layi

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane fayil jerin lambobi ne da ake kira bayit, kuma kowane bayit yana ɗaukar ƙima daga 0 zuwa 255. Yarjejeniyar da ke faɗin wace lamba ce take wakiltar wane harafi ita za a kira tsarin lambanta haruffa a wannan maƙala. Tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurabe 128 gare shi, kuma babu ɓ ko ɗ ko ƙ a cikinsu. Tsarin Windows-1252, wanda kwamfutocin Windows suka daɗe suna aiki da shi, ya ƙara haruffan harsunan Yammacin Turai irin su é da ñ, amma shi ma bai tanadi baƙaƙe masu ƙugiya ba. Sai da tsarin Unicode ya fito a 1991 aka samu hanyar bai wa kowane harafi na duniya lambarsa. A cikinsa ɓ tana da lamba 595, ɗ 599, ƙ 409, ƴ kuma 436. Manyan baƙaƙen, wato Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ, suna da 385 da 394 da 408 da 435. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da aka fi bi a yau wajen adana waɗannan lambobi. A wannan hanya harafin Ingilishi yana cin bayit ɗaya, baƙi mai ƙugiya kuwa yana cin biyu.

Ƙarshen layi ma alama ce da ke da lamba, duk da cewa ido ba ya ganin ta. Kwamfutocin Linux da na Apple na zamani suna rufe layi da lamba 10. Windows kuwa tana sa lamba 13 sannan 10, gadon da ta ɗauko daga tsofaffin na'urorin buga saƙo, inda kan bugu yake komawa farkon layi kafin takarda ta matsa sama. Manhajar da ke karanta layi tana aiki ne da zato biyu: wane tsari aka lambanta haruffan da shi, kuma wace alama ce take rufe layi. Idan ɗaya daga cikin zaton biyu ya kuskure, abin da ta karanta ya bambanta da abin da aka rubuta.

Gwaji da mazaɓun Wudil

Ba sai an tara dubban shafuka ba kafin a ga yadda abin yake. Ƙaramar Hukumar Wudil ta Jihar Kano tana da mazaɓu goma: Achika, Dagumawa, Ɗankaza, Darki, Indabo, Kausani, Lajawa, Sabon Gari, Utai da Wudil. A ƙaddara wani mai binciken sunayen wurare ya rubuta su a fayil, kowane suna a layinsa, ya ba manhaja ta karanta. Waɗannan layuka goma sun isa su fito da kusan dukkan matsalolin da ake fama da su.

Achika ce a layin farko, domin ita ce ta farko a jerin abacada, kuma wannan matsayi shi ne yake jawo mata matsala. Idan aka adana fayil daga Excel a sigar CSV ta UTF-8, ko daga tsofaffin nau'o'in Notepad, manhajar tana saka wata ɓoyayyar alama mai bayit uku a farkonsa, domin ta shaida tsarin da aka bi. Manhajar da ba ta san da alamar ba sai ta haɗa ta da kalmar farko. A ido sunan yana nan lafiya lau, amma idan aka nemi Achika a cikin jerin, amsar da za ta fito ita ce babu. Idan aka ƙirga tsawon kalmar, za a samu bakwai maimakon shida. Sauran mazaɓu tara duk za su fito, ita kaɗai za ta ɓace, har mai bincike ya yi zaton mantawa ya yi bai rubuta ta ba.

Akwai kuma matsala ta biyu a kan wannan suna, wadda na'ura ba ta da laifi a cikinta. Takardun hukuma suna rubuta shi da ch irin ta Ingilishi, alhali daidaitacciyar Hausa c kaɗai take amfani da ita wajen wannan sauti, kamar a ci da cika. Wanda ya bi ƙa'ida zai rubuta Acika, wanda ya bi takardar hukuma zai rubuta Achika, ita kuwa manhaja za ta ɗauke su garuruwa biyu. Babu wani gyara na fasaha da zai haɗe su, sai an samu wanda ya san harshen ya ce abu ɗaya ne, ya kuma faɗi sigar da za ta zama uwa.

Ɗankaza ita ce ke ɗauke da baƙi mai ƙugiya. Idan an adana fayil ɗin da UTF-8, aka karanta shi da zaton Windows-1252 ne, bayit biyun da suka haɗu suka ba da Ɗ za su rabu, kowanne ya zama harafi mai zaman kansa, sai sunan ya koma ÆŠankaza. Ta haka ne ƙasa take komawa Æ™asa, ɗaya ta koma É—aya. Wannan ɓarna tana da muni a ido, amma tana gyaruwa, domin lambobin suna nan, karatun ne ya karkace. Wadda ba ta gyaruwa ita ce ta lokacin adanawa: idan aka tilasta wa fayil shiga tsarin da ba shi da gurbin Ɗ, sau da yawa alamar tambaya ce take maye gurbinta, sunan ya zama ?ankaza. Daga nan babu mai iya sanin ko ɓ ce ko ɗ ko ƙ aka goge, sai wanda ya san kalmar. Haka nan, harsunan rubuta manhaja irin su Python suna ba da zaɓin a yi watsi da duk bayit ɗin da aka kasa fassarawa. Ɗalibin da ke gaggawa yakan ɗauki wannan zaɓi domin saƙon kuskure ya daina damun sa, sai manhajar ta yi shiru, ta kuma iya miƙo masa ankaza da asa a matsayin kalmomin Hausa.

Ko an karanta sunan daidai, jerantawa tana jiran sa. Manhajar da ke jeranta kalmomi bisa lambobinsu za ta jefa Ɗankaza can ƙarshe, bayan Utai da Wudil, domin 394 ta fi lambar kowane harafin Ingilishi girma. A abacadan Hausa kuwa ɗ tana bin d ne kai tsaye. Wanda ya buɗe irin wannan jeri ya duba wajen d bai ga abin da yake nema ba, zai ɗauka babu shi.

Sabon Gari tana da sarari a tsakiya. Wasu umarnan karatu a harsunan C da C++ da Java kalma ɗaya suke ɗauka, su tsaya a sararin farko. Sai Sabon ta zama mazaɓa, Gari ta zama wata, adadin ya tashi daga goma zuwa goma sha ɗaya. Akwai wani sanannen tarko da ke kusa da wannan. Idan manhaja ta karanci lamba, misali adadin rumfunan zaɓe, takan bar alamar ƙarshen layi a baya ba ta ɗauke ba. Umarnin da ke biye, wanda aka ce ya karanto suna, sai ya tarar da wannan alama, ya dawo hannu rabbana, daga nan kowane suna ya zame zuwa gurbin da ba nasa ba.

Sauran sunayen ma ba su tsira ba. Fayil ɗin da aka rubuta a Windows, aka karanta da manhajar C ko C++ a kan Linux, kowane layinsa zai zo da lamba 13 manne a wutsiya, ta yadda Utai ta fayil ba za ta yi daidai da Utai da aka buga a allon madannai ba. Wudil kuwa, da yake ita ce a layin ƙarshe, mai yiwuwa ne babu alamar rufewa a bayanta. Manhajar da aka umarta ta datse alamar ƙarshe ta kowane layi, bisa zaton alamar rufewa ce, za ta datse l ta bar Wudi. Wata kuma, wadda ke duba ko fayil ya ƙare kafin ta yi karatu maimakon bayan ta yi, tana iya ƙirga layin ƙarshe sau biyu.

Idan layuka goma za su iya haifar da wannan duka, sai a auna abin da zai faru da rajistar ɗaliban makarantar firamare a Achika, ko tatsuniyoyi ɗari da aka naɗo daga bakin tsofaffin garin, aka buga wasu a waya, wasu a shagon kwamfuta a Wudil, sannan aka haɗe su a fayil guda.

Alhamza da 'y

Babu alamar da ta fi alhamza shan wahala a hannun na'ura. A rubutun boko ana nuna ta da waƙafin sama, amma alamomi huɗu ne aƙalla suke yin wannan aiki a matanin Hausa na yau: miƙaƙƙiya mai lamba 39 da ke kan allon madannai, da lanƙwasassu biyu masu lamba 8216 da 8217, da kuma mai lamba 700. Microsoft Word yana sauya miƙaƙƙiyar da kansa yayin bugu. Idan ta zo a farkon kalma yakan ɗauke ta alamar buɗe zance, idan ta zo a tsakiya ya ɗauke ta ta rufewa. Saboda haka kalmar 'ya'ya takan fito da alamomi biyu mabambanta a cikinta, marubucin bai sani ba.

Illar wannan ga mai ƙidayar kalmomi babba ce. Manhajoji da yawa suna ɗaukar ukun farko a matsayin alamomin rubutu, su yanka kalma a inda suka same su. Sai ma'ana ta zama ma da ana, sa'a ta zama sa da a, ba'a ta zama ba da a, 'ya'ya kuma ta zama ya sau biyu. Abin da ya sa wannan kuskure yake da haɗari shi ne gutsattsarin duk kalmomin Hausa ne na gaskiya, masu yawan aukuwa, don haka babu abin da zai ja hankalin mai bincike. Zai kawo jadawali mai kyan gani a babi na huɗu na kundinsa, alhali an kumbura adadin wasu kalmomi, an shafe wasu ɗungurungum. Alama mai lamba 700 ce kaɗai Unicode ya lissafa a matsayin harafi, kuma wannan ya dace da matsayin alhamza a Hausa, domin baƙi ce kamar sauran baƙaƙe.

A rumbunan adana bayanai ma haka abin yake. Harshen SQL yana amfani da miƙaƙƙen waƙafin sama wajen buɗe matani da rufe shi. Idan aka cusa suna irin Sa'adatu ko Mu'azu kai tsaye cikin umarni, na'ura za ta ɗauka sunan ya ƙare a Sa ko Mu, umarnin ya lalace. Masu sunaye irin O'Brien a ƙasar Ailan sun daɗe da sanin wannan matsala, kuma maganinta sananne ne: a miƙa sunan daban, umarnin daban. Gurguwar dabarar da wasu ke bi ita ce hana fom karɓar alamar gaba ɗaya, sai mai suna ya koma Saadatu ko Muazu a takardunsa.

Sannan ga bambancin da ke tsakanin ƙasashe biyu. Nijeriya tana rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ. Mai neman 'yanci a rumbun da ya haɗa rubuce-rubucen Kano da na Maraɗi ba zai ga ƴanci ba, sai an gaya wa manhaja cewa sauti ɗaya ne.

Gadon tsofaffin zubin haruffa

Kafin Unicode ya wadata a kwamfutocin Nijeriya, masu buga Hausa sun nemi mafita ta hanyar zubin haruffa na musamman. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da irin wannan zubi a shekarun 1990, kuma hidima ce da ta ba da damar buga littattafai da kundaye masu yawa da baƙaƙensu cikakku. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce aron gurbin wasu alamomin da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zana baƙi mai ƙugiya a kansu. A takarda ana ganin ƙasa da ɗaya da ɓangare, amma abin da ke cikin fayil shi ne qasa da xaya da vangare, ko kuma }asa da ]aya da ~angare. Duk wanda ya taɓa kwafo matani daga tsohon kundin digiri ya ga wannan.

Yanzu da ake ɗora waɗannan ayyuka a intanet, wasu suna gyara su da umarni guda: kowace q ta koma ƙ, kowace x ta koma ɗ, kowace v ta koma ɓ. Sakamakon shi ne Uniɓersity da Oɗford da ake cin karo da su a manazartar maƙalu. An gyara Hausar, an ɓata sunayen madaba'u da na marubuta. Wasu kuma wajen zaɓo harafi daga jadawalin alamomi sukan ɗauko ɖ mai lamba 598, wadda harshen Ewe na Gana da Togo yake amfani da ita, domin tana maƙwabtaka da ɗ kuma sun yi kama. Ido zai iya wucewa bai lura ba, manhaja kuwa ba za ta taɓa haɗa su ba.

Karin sauti da ajami

Masana tsarin sauti suna da tasu matsalar. Harafin à mai nuna karin sauti na ƙasa ana iya adana shi ta hanya biyu: a matsayin harafi guda, ko a matsayin a da alama ta biyu da ke hawa kanta. A fuska ba su da bambanci, a lamba kuwa sun bambanta. Wasalin a mai ɗauke da alamar tsawo da ta karin sauti a lokaci guda, irin wanda ake gani a nahawun Paul Newman na 2000, ba shi da lamba guda ko kaɗan, dole sai an harhaɗa. Unicode ya tanadi hanyoyin daidaita irin wannan, waɗanda ake kira NFC da NFD, amma sai mai bincike ya zaɓi ɗaya ya bi da dukkan mataninsa ta cikinta kafin ya fara kwatance.

Ajami kuwa daga dama yake tafiya zuwa hagu, kuma layin da ya haɗa shi da boko yakan bayyana a fuskar kwamfuta da tsarin da ya saɓa wa yadda aka adana shi. Fitowar Unicode ta 13.0 a 2020 ta ƙara wasu haruffan da ake buƙata domin ajamin Hausa, kuma ƙungiyar SIL ta samar da zubin Alkalami bisa salon rubutun Kano. Duk da haka, inda mai bugu ya ari harafin Larabci mai kama da wanda yake nufi, sai an bi matanin da idon masani kafin a dogara da shi.

Hujjojin masu ganin abin bai kai haka ba

Akwai masu cewa Bahaushe yana gane saƙo ko babu ƙugiya, kamar yadda miliyoyin mutane suke yi kullum a WhatsApp da Facebook. Gaskiya ne, kuma akwai dalilin tattalin arziki da ya taimaka wajen kafa wannan ɗabi'a: saƙon tes na waya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an saka harafi ɗaya irin ƙ, sai tsarin ya sauya, adadin ya faɗo zuwa 70. Sai dai mai karatu yana da mahallin zance da sanin duniya. Idan ya ga an ce za a je kara a Wudil ranar Juma'a, ya san kasuwar shanu ake nufi, ba ƙara gaban alƙali ba. Manhajar da ke ƙirga kalmomi ba ta da wannan sani. A wurinta fada da faɗa, da kura da ƙura, da baki da baƙi, duk sun narke sun zama ɗaya da zarar ƙugiya ta faɗi. Rubutun yau da kullum ya riga ya bar karin sauti da tsawon wasali ga hankalin mai karatu. Idan aka ƙara zubar da ƙugiya da alhamza, nauyin da ke kan mahallin zance ya yi yawa.

Wasu kuma suna cewa wannan aikin sashen kimiyyar kwamfuta ne. Rabin maganar daidai ne. Ɓoyayyar alamar farkon fayil da lamba 13 ta ƙarshen layi matsaloli ne na kowane harshe, kuma duk ƙwararren mai rubuta manhaja ya san maganinsu. Amma wanda bai karanci Hausa ba ba zai ga aibin ma da ana a jadawali ba, domin manhajarsa ta gama aiki ba ta yi ƙorafi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi, wato cewa gyaran matani yana iya shafe shaida. Yadda matasa suke rubuta Hausa ba ƙugiya, ko suke sa ch a gurbin c, shi kansa abin nazari ne ga masana walwalar harshe, kuma ayyuka irin NaijaSenti na 2022, wanda ya tattara saƙonnin Twitter cikin Hausa da wasu harsunan Nijeriya, sun dogara ne ga rubutu kamar yadda mutane suka yi shi. Wannan hujja karɓaɓɓiya ce, kuma abin da take koyarwa shi ne kada a taɓa yin gyara a kan asali. A ajiye matani yadda ya zo, a yi gyara a kan kwafi, a rubuta kowane sauyi da aka yi.

Abin da ya kamata a yi

Tarihin rubutun boko tarihi ne na zama a yanke shawara. Hanns Vischer ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912. A shekarun 1930, zamanin Rupert East a hukumar fassara da talifi ta Zariya, baƙaƙe masu ƙugiya suka samu gindin zama, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta yaɗa su. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, aka yi na Yamai a 1980 domin kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar. Duk waɗannan sun gabaci Unicode, saboda haka siffar harafi a takarda suka daidaita. Abin da ya rage wa wannan zamani shi ne daidaita lambar da ke bayan siffar.

Na farko, mujallun Hausa da sassan koyar da harshen su shardanta cewa duk maƙala da kundi a miƙa su da haruffan Unicode, tare da kwafin tsurar matani a tsarin UTF-8. Na biyu, cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, tare da takwarorinta na Zariya da Sakkwato da Yamai, su fitar da taƙaitacciyar takarda da za ta faɗi lambar kowane harafi, da tsarin jerantawa, da matsayin 'y da ƴ. Game da alhamza, abin da ya fi dacewa shi ne a yi amfani da mai lamba 700 a rumbunan matani, a bar miƙaƙƙiyar ga bugun yau da kullum bisa sharaɗin a kashe sauyin da Word yake yi da kansa, domin alama guda da aka bi ba sauyi tana da sauƙin juyawa. Inda tsari ba zai iya ɗaukar ƙugiya ba, kamar layukan da na'ura ke karantawa a ƙasan fasfo, waɗanda ba su karɓar komai sai manyan haruffan Ingilishi da lambobi da alama guda ta cike gurbi, sai a tanadi gurbi biyu a rajista: suna na asali da sigarsa da aka sauƙaƙa.

Na uku, a shigar da binciken lafiyar matani cikin darasin dabarun bincike. Ba ya buƙatar ɗalibi ya zama injiniya. Ya ƙirga layuka kafin karatu da bayansa, ya ga ko adadin ya yi daidai. Ya duba tsawon layin farko da na ƙarshe. Ya ƙirga ɓ da ɗ da ƙ, domin dogon matanin Hausa da babu ko ɗaya daga cikinsu ya riga ya samu matsala. Ya nemi Æ da É da alamar tambaya a tsakiyar kalma, ya nemi q da x da v. Ya faɗa wa manhaja tsarin lambantawa a fili maimakon ya bar ta ta yi zato, kuma kada ya yarda da zaɓin watsi da kuskure. Sannan ya bayyana duk wannan a babin hanyoyin bincike, kamar yadda yake bayyana yadda ya zaɓi waɗanda ya yi hira da su.

Na huɗu, a samar da ɗan gajeren fayil na gwaji wanda ya ƙunshi dukkan baƙaƙe masu ƙugiya manya da ƙanana, da alhamza a farkon kalma da tsakiyarta, da suna mai sarari, da wasali mai alamar karin sauti, da layin ajami, a ɗora shi inda kowa zai samu. Duk manhajar da za a yi aikin Hausa da ita a fara gwada ta da shi. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, tana yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta, kuma da yawansu Hausa ce harshensu na farko. Haɗa su da ɗaliban sassan Hausa a kan aikin juya tsofaffin kundaye zuwa Unicode, inda ɗaya zai rubuta manhaja ɗayan ya duba sakamako, zai amfani ɓangarorin biyu, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

Kammalawa

Matanin da ake adanawa a yau shi ne za a gina ƙamusoshi da manhajojin fassara da na gyaran rubutu a kansa gobe. Manhajar da aka horar da rubutun da ƙugiyarsa ta zube za ta mayar wa masu amfani da ita irin abin da ta koya, yara kuma su ɗauka haka Hausa take. Kundin da aka gina ƙididdigarsa a kan kalmomin da aka yanka za a ci gaba da kafa hujja da shi shekaru masu yawa. Magabata sun zauna sun daidaita rubutu domin injin buga takarda, kuma aikinsu ya ɗore. Irin wannan zama ne ake bin manazarta Hausa na yanzu bashinsa, kuma gara a yi shi tun rumbunan matani ba su yi girman da gyaransu zai gagara ba.